Sharhi: Daga Tanout zuwa Asamaka, ina zumuncin Afirka ya tsaya?

Da zarar an gama yankan gero, an ɗaure damma an kai rumbu, garuruwan Damargu sai su fara raguwa. Daga Gangara, Ollelewa da Falenko, har Tarka da Belbeji, samari kan ɗaura niyyar bida. Wasu kudu suke dosa: Damagaram, Kano, Legas. Wasu kuma arewa, Agadas da Arlit, daga nan sai Tamanrasset ta Aljeriya ko Sabha ta Libiya. Da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ka tarar babu wanda ke waje ko wanda bai daɗe da komowa ba. Ita tafiyar tsohuwa ce. Dokokin da ke kanta ne suka yi ta juyawa cikin shekaru goma da suka wuce, har direban da ya bi hanya lafiya bara bai san ko bana ita za ta kai shi gidan kaso ba.

Shi ya sa muke so mu dubi tambaya ɗaya tare da ku, masu saurarenmu na ƙauyuka da ƴan uwa da ke karanta mu daga ƙasashen waje. Shugabanni na ta faɗin Afirka ɗaya ce. To, me wannan magana ke amfana wa ɗan Damargu ranar da ya isa bakin iyaka? A ganinmu, a jikin matafiyi ake gane gaskiyar haɗin kan nahiyar nan. Kuma mu da Allah ya zaunar a bakin babbar hanya muna da abin da za mu nema, muna kuma da nauyin da ya rataya a wuyanmu.

Hanyar ta girmi iyakoki

Tanout na kan hanya mai lamba 11, kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, kusan 300 kudu da Agadas. Wani yanki ce na babbar hanyar ratsa Sahara wadda ta taso daga birnin Aljas ta dire Legas, tafiyar kimanin kilomita 4,500. Tun kafin a san kwalta, raƙuma sun buɗe ta. A ƙarni na 19 ayarin Kel Ewey kan sauko daga Abzin da gishiri da dabinon Bilma da Fachi, su koma da geron Damargu. Fataken Gadamus kuma kan biyo da hajar Tarabulus zuwa Kano, su juya da fatu da gashin jimina. Jajiduna na cikin zangonsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya durƙushe, sai ƙafar mutanenmu ta ƙara karkata kudu wajen cin rani.

Wannan kai da komo shi ya gina mu. Dagirawa, Hausawa, Buzaye, Fulani, Barebari da Larabawa, kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha, kuma in aka bi salsalar gidaje da dama za a iske kakan da ya zo baƙo ya zama ɗan gari. Haka namu suka yi a ƙasar wasu. Zangon Kumasi da Sabon Zangon Accra a Ghana, da garin Mai Wurno a Sudan, duk shaida ne cewa Bahaushe ya daɗe da sanin zumunta a ƙafa take.

Iyakokin sun zo daga baya. Faransa da Ingila ne suka shata wadda ke tsakaninmu da Najeriya a farkon ƙarni na 20, tsawon kimanin kilomita 1,500, ta raba dangi gida biyu. A 1964 kuma, a birnin Alƙahira, shugabannin Afirka suka amince a bar iyakokin yadda aka gaje su don kauce wa yaƙi. Tun daga lokacin ake neman dabarar da za a bar iyaka a wurinta ba tare da ta zama katanga ba.

Alƙawarin da ke kan takarda

Dabara ta farko da ta yi aiki ita ce ta CEDEAO. An kafa ƙungiyar a Legas a 1975, sannan a watan Mayun 1979 a Dakar aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga ƙasar ɗan uwansa ya yi kwana 90 ba biza. Da yawa cikin masu zuwa Kano, Abidjan ko Accra ba su taɓa jin sunan wannan takarda ba, amma inuwarta suka sha shekara da shekaru. Sai dai a lura: Aljeriya da Libiya ba sa cikin CEDEAO. Wanda ya yi arewa bai taɓa samun wannan kariya ba.

Tarayyar Afirka ta so faɗaɗa abin ga nahiyar baki ɗaya. A watan Janairun 2018 a Addis Ababa ta amince da yarjejeniyar walwalar zirga-zirgar jama'a. Wata biyu bayan haka, a Kigali, aka sa hannu kan ta kasuwar bai ɗaya, wato ZLECAf, wadda aka ƙaddamar da aikinta a nan Yamai ran 7 ga Yulin 2019, zamanin shugaba Mahamadou Issoufou. To ga inda gizo ke saƙar. Yarjejeniyar kaya, ƙasashe 54 cikin 55 sun sa hannu, fiye da 45 sun tabbatar da ita a dokokinsu. Ta mutane kuwa, shekaru sun shuɗe ƙasashe 4 kaɗai suka tabbatar: Nijar, Mali, Ruwanda da Sao Tome, alhali sai an samu 15 kafin ta fara aiki. Wato gwamnatocinmu sun fi saurin buɗe wa buhun albasa ƙofa a kan su buɗe wa wanda ya noma ta.

Ranar da ɗan uwa ke zama baƙo

Dalilin wannan jan ƙafa ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da tattalin arziki ya matse, baƙo ake fara nunawa da yatsa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Ghana, cikinsu har da ƴan Nijar da ƴan Najeriya da suka tsufa a zango. A Janairun 1983, shekara huɗu kacal bayan yarjejeniyar Dakar, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin tata korar, mutum wajen miliyan 2 suka bar Najeriya, kusan rabinsu ƴan Ghana. Jakar nan da ake kira Ghana Must Go daga nan ta samo suna. A 1984 aka rufe iyakar Najeriya daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona, har dattawanmu suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. Wanda ya rayu a lokacin ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da rufe iyaka ke nufi ga tukunya.

A arewa ma haka labarin yake. Marigayi Gaddafi ya buɗe ƙofar Libiya ga baƙar fata, ya jagoranci kafa ƙungiyar CEN-SAD a 1998 tare da Nijar, ya kuma karɓi taron Sirte na 1999 inda aka ɗaura niyyar kafa Tarayyar Afirka. Amma a watan Satumban 2000 aka far wa baƙi ƴan Afirka a garin Zawiya, aka yi asarar rayuka. Da yaƙin 2011 ya ɓarke, ƴan Nijar fiye da dubu 200 suka gudo gida, mafi yawa hannu rabbana, kuma gidajen Damargu da suka dogara da saƙon Libiya sun ji a jikinsu. A Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton yadda ake gwanjon mutane a Libiya, duniya ta girgiza, aka yi ta taro a Abidjan. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce zuwan baƙi daga kudancin Sahara wani shiri ne na sauya asalin ƙasarsa, bayan haka aka yi ta korar mutane daga gidajen haya da wuraren aiki.

Kowane ɗaya cikin waɗannan na barin tabo. Yaron da aka kama a wurin gini a Tamanrasset, aka ƙwace masa waya da kuɗin guminsa, aka loda shi a mota, in ka ce masa Afirka ɗaya ce, dariya zai yi maka. Alhali in aka dubi lissafi, mafi yawan ƴan Afirka ta Yamma da ke barin ƙasarsu cikin Afirka suke tsayawa. Masu tsallaka teku su ne kaɗan, amma su ne kullum a labarai, kuma saboda su aka tsara dokokin da suka shafi kowa.

Dokar 2015: wa ta kare?

Kada mu manta da abin da ya fara tayar da hankalin hukumomi. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance, a nan jiharmu ta Damagaram. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Bayan haka, a ƙarshen 2014, Aljeriya ta fara maido da ƴan Nijar bisa wata yarjejeniya da hukumomin Yamai.

Ran 26 ga Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, da hukuncin ɗaurin shekara 5 zuwa 10. A Nuwamban shekarar aka yi taron Valletta tsakanin Turai da Afirka, Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman, Nijar ta zama cikin manyan masu cin moriyarsa. Daga 2016 aka fara zartar da dokar da ƙarfi: kama direbobi, ƙwace motoci, rufe gidajen saukar baƙi a Agadas. Ƙididdigar hukumar OIM a Segedin da Arlit ta nuna masu fita fiye da dubu 300 a 2016, suka koma ƙasa da dubu 70 a 2017.

Masu goyon bayan dokar na da hujjarsu. Akwai azzalumai a harkar, masu zubar da mutane a daji, masu sayar da ƴan mata. Amma dubi yadda abin ya kasance. A lokacin ɗan Gambiya ko ɗan Najeriya na da haƙƙin zama a Nijar kwana 90 bisa dokar CEDEAO, amma direban da ya ɗauke shi arewa da Agadas ya zama mai laifi. Wato an ja wata sabuwar iyaka a tsakiyar ƙasarmu don biyan bukatar wasu. Tafiyar kuwa ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi. Direbobi suka bar hanyar rijiyoyi suka shiga inda babu mai ceto, kuɗin mota ya ninka. A ƙarshen Mayun 2017 mutum 44, ƴan Ghana da Najeriya har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa a hanyar Dirku. Jarin da aka yi wa tsofaffin direbobi alƙawari don su sauya sana'a, kaɗan daga cikin dubban da aka rubuta suka gani.

Ran 25 ga Nuwamban 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar, aka kuma wanke waɗanda aka ɗaure a kanta. Ayarin motoci ya koma fita daga Agadas a bainar jama'a da rakiyar soja. Jama'a da dama sun yi murna, kuma ana iya fahimtar dalili. Sai dai soke dokar ya buɗe ƙofar fita ne kawai. Ƙofar shiga tana hannun wasu. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya mutum fiye da dubu 26 da Aljeriya ta koro zuwa Nijar a 2023, fiye da dubu 31 a 2024. Waɗanda ba ƴan Nijar ba akan sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 a cikin rairayi zuwa Asamaka. A Afrilun 2024 gwamnati ta kira jakadan Aljeriya don nuna ɓacin ranta kan yadda ake korar. A Janairun 2025 kuma ƴan Nijar fiye da 600 suka iso Dirku daga Libiya a tashi ɗaya. Motocin da ke maido ƴan jiharmu ta gabanmu suke wucewa, mun ga fuskokin da ke ciki.

Bayan fita daga CEDEAO

Yanzu ga wani sabon babi ta ɓangaren kudu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakar Najeriya ta rufe wata da watanni, kuma kowa ya ga yadda farashin abinci da magani ya tashi. Nijar, Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES a Satumban 2023, suka mai da shi haɗaɗɗiyar tarayya a Yamai ran 6 ga Yulin 2024, ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025, ranar da aka fito da fasfon AES.

Ɓangarorin biyu sun yi magana mai kwantar da hankali. AES ta ce ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza. Ita ma CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin da ke ɗauke da tambarinta, a bar mutanenmu su yi zirga-zirga, har sai an ba da wata sanarwa. To wannan kalma ta ƙarshe ita ce abin lura. A da haƙƙi ne rubutacce. Yanzu alfarma ce da kowane ɓangare zai iya janyewa ranar da rai ya ɓaci. An fara tattaunawa tsakanin ɓangarorin biyu a Bamako a watan Mayun 2025, kuma babu wanda sakamakonta ya fi shafa kamar mai shayi a Kano, mai gadi a Legas da mai tura baro a Abidjan. Ko kana murna da AES ko kana kewar CEDEAO, dangin Damargu sun fi yawa a Najeriya a kan Bamako ko Wagadugu. Siyasa ba za ta sauya wannan ba.

Nauyin da ke kan gida

Ba komai ne za a ɗora wa Turai ko Aljeriya ba. Damargu na bakin iyakar noman damina, shekara ɗaya ta yi kyau biyu su yi gardama. Farin 1973, na 1984, matsalar abinci ta 2005 da ta 2010, kowace ta tura sabon rukuni kan hanya. Jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 17 a ƙidayar 2012 zuwa fiye da miliyan 25, kusan rabi yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, a cikin ƙaramar hukumar Ollelewa take, amma matata ɗaya ba ta iya ɗaukar samarin gundumomi biyu. Muddin wata takwas na rani babu abin yi, babu dokar da za ta zaunar da saurayi a gida, kuma kuɗin da yake aikowa ta Nita ko Al Izza shi ke cike giɓin rumbu.

Sai maganar da ba a son faɗa: tafiya da yara don bara. A watan Maris na 2022 aka kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar daga titunan Dakar, a watan Yuni kuma daga Accra, mafi yawa mata da yara daga jihar Damagaram. Wannan sana'a na cutar yaran da aka raba da makaranta, tana kuma ba masu kora hujja a kan ma'aikacin da ya je neman halal da ƙarfinsa. Uba ko kawun da ya ba da yaro haya a tafi da shi, ya tuna da yara 52 na 2013.

Akwai kuma baƙon da ke sauka a tasharmu. Ɗan Gine ko ɗan Kamaru da ya kwana a Tanout yana jiran mota, matsayinsa ɗaya da ɗanmu a Sabha. In an ninka masa kuɗin ruwa da na mota don ba ya jin Hausa, in an tatse shi a kowane shinge alhali takardunsa cikakku ne, to da wane baki za mu yi kuka in an yi wa namu haka? Wanda aka koro daga Asamaka ya biyo ta nan ƙafa ba takalmi, kofin ruwa da wurin sa haƙarƙari ba su fi ƙarfinmu ba. Kakanninmu da haka suka tarbi ayari.

Abin da ya kamata a nema

Daga hukumomin ƙoli, abu na farko shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin AES da CEDEAO wadda za ta tabbatar da shiga, zama da sana'a, ta yadda rigimar shugabanni ba za ta sake faɗawa kan talaka ba. Na biyu shi ne arewa. Gonaki da wuraren gini na Aljeriya da Libiya na bukatar hannun ƴan Nijar, in ba haka ba da ba a ɗauke su aiki. A Nuwamban 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu kan takardar fahimtar juna game da ƴan ƙwadago. Irin wannan ya kamata a raya, a nemi makamanciyarta da Aljeriya, a samu izinin aiki na ƴan watanni da mutum zai shiga da shi ya fito da haƙƙinsa. Nijar na cikin ƙasashe 4 da suka cika alƙawarin 2018, don haka tana da bakin tambayar saura inda suka tsaya.

Daga ƙananan hukumomi da sarakuna kuwa, takarda. Yaro da yawa a ƙauyukanmu ba shi da takardar haihuwa, wanda ba shi da ita kuma ba ya samun katin ɗan ƙasa, wanda ba shi da kati ko ofishin jakadancinmu zai sha wuyar tsaya masa. A matso da aikin rajista kusa da jama'a, musamman ranakun kasuwa kafin lokacin tafiya.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, ku riƙa faɗa wa ƙannenku gaskiyar abin da ke can, da daɗin da wuyar, kada hoton WhatsApp kaɗai ya ja su. Ku yi rajista da ƙungiyoyin ƴan Nijar na garin da kuke, ku sabunta takardunku tun ba a shiga matsi ba. In Allah ya hore, wani abu cikin saƙon ya shiga rijiya, garka ko kiwo, don mai son zama gida ya samu dalilin zama. Wanda kuma ya ɗaura niyyar tafiya bana, ya bi hanyar da aka sani, ya sanar da gida motar da ya shiga da garin da ya dosa, ya bar yara a makaranta. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido mana da ku lafiya.